Tsatsa A Bayan Tsohuwar Mota

Daga Malamin Gona, Gwarzo

Na san wani zai buɗe shafin nan yau ya ce, af, ashe Malamin Gona ya koma makaniki? Ban koma ba. Amma duk wanda ya tsaya a bakin hanya ran da kasuwar Getso ke ci, ya dubi abin da a ke saukewa daga bayan motoci, zai yarda mota ma kayan aikin gona ce, kamar garma da amalanke. Ita ke kawo taki, ita ke kai tumatir da albasa da barkono, wata rana har da akuya a ɗaure. Abin da ke cin kayan aikin manomi kuwa yana da mazauni a wannan fili.

Abin da ya jawo zancen wata tsohuwar mota ce ƙirar Peugeot 504, wadda mu ke kira Fijo, ta wani dattijo a ƙasar Kabo. Na je duba masa shukar rani ne wajen madatsar ruwa ta Guzuguzu. Da muka dawo gida sai na tarar da motar a gindin darbejiya, babban ɗansa yana zagaya ta. Ta fi shekara talatin a hannun tsohon. Da ita aka ɗauko amaren gidan, da ita aka kai marasa lafiya asibiti cikin dare, da ita kuma aka yi jigilar takin kowace damina. Ɗan ya sami ɗan hali, yana so ya mai da ita yadda ya san ta yana yaro, don ya faranta wa mahaifinsa rai. Har ya yi magana da wani mai fenti, wanda ya ce a kawo masa ita, cikin kwana biyu zai shafe ta da fila, ya fesa fenti, ta fito kamar amarya.

Na ce a buɗe but in gani. Muka ɗaga tsohuwar shimfiɗar roba, sai ga ƙarfen ƙasa ya yi ja wur, kamar an barbaɗa garin barkono. Tsohon ya leƙa, ya ce, "Ruwan sama ne, Malam, shekaru sun yi yawa." Na sa yatsa a kusurwa, na kwaso wani farin gari mai danshi, alhali kuwa rabonmu da ruwa ya fi wata guda. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ruwan sama ya sa hannu, amma babban mai laifin ga shi nan. Kamfa ne da yuriya."

Yadda Taki Ke Cin Ƙarfe

Tsatsa ba ta samuwa sai abu uku sun haɗu, watau ƙarfe, da ruwa, da iskar oksijin da mu ke shaƙa. In aka cire ɗaya, magana ta ƙare. Saboda haka mu nan arewa Allah ya yi mana sauƙi. Daga Nuwamba har Afrilu iskarmu a bushe ta ke ƙayau, a tsakiyar hunturu ma danshinta ya kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Motar da za ta ruɓe a Legas ko Fatakwal cikin 'yan shekaru, a Gwarzo sai ta yi tsawon rai. Je ka duba tsofaffin motocin garinmu. Rufinsu da ƙofofinsu rana ta ƙone fentin, amma ƙarfen yana nan da ƙwarinsa. Inda su ke mutuwa shi ne cikin but, da ƙasan bodin a-kori-kura, watau daidai inda kayan manomi ke zama.

Ga dalili. Yuriya tana da wata ɗabi'a, tana jawo danshi daga cikin iska. In danshin iska ya kai wajen kashi 75 cikin 100, kamar yadda ya kan yi a watan Agusta, sai ta fara narkewa don kanta, ba tare da an zuba mata ruwa ba. Kowa ya taɓa ganin buhun yuriya ya yi gumi a ɗaki, daga baya ya dunƙule kamar dutse. Shi kuwa kamfa, irin mai lamba 15-15-15, sashin fotash da ke cikinsa yawanci wani gishiri ne ɗan'uwan gishirin miya. In su biyun suka gauraya, sun fi kowannensu shi kaɗai saurin jawo danshi. To, tsatsa wani ɗan aikin lantarki ne da ke gudana a fuskar ƙarfe, ido ba ya gani, ruwan gishiri kuwa ya fi ruwa zalla ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. Ke nan tafin hannu guda na taki da ya zube daga bakin buhu, ya gangara ƙarƙashin shimfiɗa, ya isa ya riƙe wurin a jiƙe da ruwan gishiri tun daga Yuni har bayan kaka, ko da ɗigon ruwan sama bai shiga ba.

Turawa sun san wannan ciwo ta wata hanya. A Turai da Kanada da arewacin Amurka a kan watsa gishiri a kan titi da hunturu don ƙanƙara ta narke. Shi ya sa za ka ga wata motar Kwatano sama tana ƙyalli, ka leƙa ƙarƙashinta ka tarar ta cinye. Abin da gishirin titi ke yi wa motar Bature, shi taki ke yi wa tamu, sai dai tasu daga ƙasa a ke cinta, tamu daga ciki. Abin ba ƙarami ba ne a duniya. A shekarar 2016 wata ƙungiyar masana lalacewar ƙarfe mai suna NACE ta ƙiyasta ɓarnar da tsatsa da danginta ke yi a shekara ta kai dala tiriliyan 2.5. Ni dai ban san yadda a ke ƙirga irin wannan kuɗi ba, amma na san kason manomin Kabo yana ciki.

Ba taki kaɗai ba. Ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwando yana da tsami. Fitsarin awaki, da buhun gishirin ɗan kasuwa, da tsohon batir da aka jefa a but ruwansa ya malala, duk suna nasu aiki. Wanda ke shakka ya gwada abin da na kan nuna wa 'yan makaranta. Sami ƙusa uku, ka goge su da sanfefa su yi fari. Ɗaya ka ajiye a kan busasshen tsumma, ɗaya a kan jiƙaƙƙe, ta uku a kan jiƙaƙƙen tsumma da aka barbaɗa wa kamfa. Ka bar su a inuwa mako guda, ka dawo ka duba.

Me Ya Sa Za A Wahala Da Tsohuwar Mota?

Wani zai ce, in ta huje a sake wata mana. Ba haka abin ya ke da sauƙi ba. An fara fitar da 504 a Faransa a shekarar 1968. Ma'aikatar harhaɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, aka yi ta harhaɗa 504 a can har wajen 2006, sa'an nan aka daina. Yau in ƙasan but ɗinta ya lalace, sai dai ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman na wata da ta riga ta mutu, wanda shi ma galibi ciwonsu ɗaya, ko kuwa mai walda ya yanko falle ya yi maka faci. Kaurin ƙarfen wurin bai cika milimita ɗaya ba. Motocin wancan zamani kuma yawancinsu ba a lulluɓe jikinsu da tutiya ba, watau farin ƙarfen nan da ke hana kwanon rufi tsatsa. Sai daga shekarun 1980 wannan dabara ta yaɗu a wurin masu ƙera motoci. Fenti ne kaɗai garkuwarsu, in ya kau, ƙarfe tsirara ya ke.

A Turai akwai masu sha'awar irin waɗannan tsofaffin motoci, suna kashe kuɗi su gyara su don ado da tarihi, abin da su kan fara dubawa kuwa kafin injin, shi ne tsatsa. Injin a kan sauke a ɗora wani. Jiki in ya tafi ya tafi. Mu namu dalilin ya fi nasu nauyi, don motar tana ci da gida. Na taɓa ganin wata a kan hanyar Kabo zuwa Garo, ƙasan but ya ɓalle da buhunan masara a ciki, hatsi ya bi titi, kaji suka yi salla. Allah ya tsare babu babur a bayanta.

A Fara Gane Zurfin Ciwon

Tsatsa hawa-hawa ce. Akwai ta sama-sama, wadda ta ɓata launi kawai, in ka goga yatsa ya yi ja, amma ƙarfen na nan sumul a ƙarƙashi. Akwai wadda ta yi ɓawo, tana ɓamɓarewa falle-falle, in ka kankare ka tarar da 'yan ramuka kamar zanen ƙyanda. Wannan ɓawo ya kan ruɗi mutum ta fuska biyu. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cika wuri har ninki da yawa, saboda haka tulin ɓawo mai ban tsoro wani lokaci ɗan ƙarfe kaɗan ya ci. Amma kuma ɓawon yana riƙe danshi kamar soso, yana ci gaba da ɓarna a ƙarƙashinsa. Ta uku ita ce wadda ta huda.

Gwajin ba wuya. Ɗauki sukundireba ka riƙa dannawa da ƙarfi a kusurwoyi, da inda falle biyu suka haɗu, da bayan fitilu, da ramin safaya in motarka tana da shi a ciki. In ya tsaya ƙyam, lafiya. In ya lotsa ko ya shige, wurin ya fi ƙarfin sanfefa, na mai walda ne. Da dare kuma a sa yaro ya haska tocila daga ƙarƙashi, kai kana dubawa daga sama. Duk inda haske ya ɓullo, ka zagaye shi da alli. A motar dattijon nan mun sami huji biyu kacal, kowanne bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba, suna kusurwar dama. Sauran duka tsatsar sama ce, da ɗan ɓawo nan da can. Watau mun zo a kan gaɓa. Da an ƙara damina biyu, da wani labari a ke.

'Yan kasuwa masu sayen tsohuwar mota, ga taku. Ku riƙa tafiya da mayen ƙarfe a aljihu, ko na tsohuwar lasifika ne. Inda ƙarfe ne zai kama. Inda aka cika da fila mai kauri aka fesa fenti, sai ya saki. Ku ɗaga shimfiɗar but kuma, in mai mota ya hana, ya riga ya ba ku amsa.

Wanka Kafin Kwalliya

A nan ne yawancin masu gyara ke tuntuɓe, ni ma a nan na faɗi. Shekarar da na fito daga makarantar aikin gona, ina ji da kaina, na sayo gwangwanin fenti na shafe amalanken mahaifina a kan tsatsarsa, bayan ɗan shara da tsintsiya. Ya yi kyau, mutane suka yi ta yabawa. Kafin a yanke gero fentin ya yi bororo ko'ina, in ka fasa ɗaya sai jan ruwa ya fito. Mahaifina bai ce mini kome ba, sai ya miƙo mini burushin waya. Abin da ya faru shi ne na rufe gishirin taki a ƙarƙashin fenti. Fenti kuwa ba ya hana danshi ratsawa ɗungum, gishirin ya yi ta jawo shi ta cikin fentin har ya ɗaga shi. Wannan shi ne abin da mai fentin can zai yi wa motar tsohon cikin kwana biyunsa, a biya shi kuma.

Saboda haka aikin farko wanki ne. A fitar da kome, shimfiɗa da kwali da jak da tsummoki. A ƙasan but akwai 'yan ƙofofin tsiyayar ruwa masu toshiyar roba, a cire su. A wanke da ruwan ɗumi da garin sabulu da burushi, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a sake, a kuma sakewa. Mu sau uku muka yi, don gishiri ya kan ɓuya cikin ramuka da gaɓoɓi. Sa'an nan a bar but a buɗe cikin rana kwana biyu, har gaɓoɓin su bushe, ba fuska kaɗai ba.

Tun a lokacin wankin a nemo inda ruwan sama ke shiga, in akwai. Mutum ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta a kan murfi da gilashin baya da fitilu, a buɗe a duba inda ya ɓullo. Galibi robar bakin but ce ta tsufa ta tsattsage, ko ta bayan fitila. In ba a sake ta ba, duk aikin da zai biyo baya ɗiban ruwa ne da kwando.

Kankara Da Guga

Bayan ya bushe sai a ɗauki abin kankara, ko tsohuwar wuƙa ce, a ɓamɓare ɓawo da duk fentin da ya saki. A bi da burushin waya. A bi da sanfefa mai kaushi, lamba 80, har farin ƙarfe ya bayyana, sa'an nan mai laushi, lamba 120 ko 180, don a rage zanen da ta farko ta bari. Kada a tsaya a bakin jan wuri. Tsatsa ta kan yi rarrafe a ƙarƙashin fenti mai kyan gani, saboda haka a ƙara inci ɗaya ko biyu cikin lafiyayyen fenti, a goge bakinsa ya kwanta, yadda in ka shafa hannu ba za ka ji tudu ba.

Samari sun fi son injin gurza mai lantarki, don sauri. Ni ban cika sonsa a wannan wuri ba. Ƙarfen da bai kai milimita ɗaya ba, faifan gurza ya kan ci rabinsa kafin ka ankara, zafinsa kuma ya lanƙwasa falle. In lalle sai an yi da inji, a ɗaura masa burushin waya maimakon faifan dutse, a sa tabarau. A tuna kuma, a yawancin motocin nan tankin fetur yana maƙwabtaka da but. Tartsatsi da tururin fetur ba sa ga maciji. Hujin nan biyu da muka samu, sai da aka sauke tanki aka kai shi nesa kafin mai walda ya kunna wuta.

Akwai wata magana da ba na so a ɗauke ta da wasa, ita ce ta ƙurar da ke tashi. Tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a cikinsu, musamman wani jan fenti na hana tsatsa da a kan yi da ita a da. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Ƙurar but ɗaya ba ta kai wannan ba, amma dalma ba ta da kaɗan a jikin yaro. Kada a yi gugar nan a tsakar gida inda a ke shanya hatsi, yara na rarrafe. A fita waje, mai aiki ya sa takunkumi, a kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Abin Da Dukawa Suka Riga Mu Sani

Kome ƙoƙarinka, sanfefa ba ta isa gindin 'yan ramukan nan. Don su ne a ke sayar da wani ruwa a shagunan fenti, mai juyar da tsatsa. Iri biyu ne. Ɗaya ruwan tsami ne na fosfarik, dangin sinadarin da ke cikin takin sufa, yana mai da tsatsa wani abu toka-toka mai kama jikin ƙarfe. Ɗayan kuwa da tanin a ke yinsa, yana mai da ita baƙa ƙirin mai ɗan shuɗi.

Tanin ɗin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ke cikin bagaruwa, wadda majeman Kano ke jeme fata da ita tun kaka da kakanni. In baduku yana so fatar ta yi baƙi, sai ya shafa mata ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki, nan take ta rine. Ƙarfe ne ya gamu da tanin. Abin da ke faruwa a cikin kwalbar kanti ke nan, ba wani sihiri ba. Na taɓa dafa bagaruwa na tace, na shafa wa wata tsohuwar fartanya, washegari ta yi baƙi. Amma ga mota na fi son na kanti, don an auna ƙarfinsa, wani kuma an haɗa shi da abin da ke taimakon fenti ya kama.

Abin lura biyu ne. Ruwan nan ba ya ratsa ɓawo mai kauri, samansa kawai zai baƙanta, ya bar ciki yana ci. Aikinsa sai bayan burushi. Na biyu, kowane iri da ƙa'idarsa, wani a kan ɗauraye shi, wani a kan bar shi ya bushe kwana guda. A karanta jikin kwalba, wanda bai iya ba ya kai wa akawu ko malamin makaranta. A sa safar hannu ta roba, a kiyaye ido. Masu amfani da ruwan tsamiya ko lemon tsami, i, suna cire tsatsa mai sauƙi, amma in ba a ɗauraye sosai aka busar nan da nan ba, kafin la'asar wurin ya sake yin ja.

Fenti

Farin ƙarfe ba ya kwana tsirara. Ranar da aka gama guga, ranar za a sa fentin ƙasa. Kafin nan a goge wurin da tsumma mai tsabta da tina. Ban da kananzir, don yana barin maiƙo, ban da fetur, don hatsarinsa. Bayan an goge kada a sake dafa wurin da hannu, gumi ma gishiri ne.

Fentin ƙasa da aka fi samu a kasuwanninmu shi ne jan nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi, redoksaid. Yana aiki, in an san iyakarsa. Shi kaɗai ba ya tare danshi, sai an rufe shi da fenti mai ƙyalli. Dubi ƙofofin da aka bari da shi kawai, bayan damina biyu yaya su ke? Wanda ya fi shi shi ne na ifoksi, mai gwangwani biyu da a ke haɗawa, ya fi tsada, ya kuma fi riƙo. Ɗan dattijon nan ifoksi ya saya a Kano, na kuwa yaba masa. Ko wanne aka samu, a shafa shi siriri sau biyu, a bar na fari ya bushe kafin na biyu. Shafi ɗaya mai kauri sama ya kan bushe ya bar ciki ɗanye. Cikin but ba ya bukatar injin feshi, burushi ma ya fi tura fenti cikin ramuka. Bayan wannan a cike gaɓoɓi da abin liƙe gaɓa, a kawo fenti mai ƙyalli shi ma sau biyu. Fila ba ta da aiki a nan sam. Tana shan ruwa, ba ta kuma ɗaukar nauyi.

Falle fuska biyu gare shi. In an gama ciki, a ɗaga motar a kan abin da ba zai goce ba, ba jak kaɗai ba, a yi wa ƙarƙashin yadda aka yi wa sama. Masu shafa kwalta a ƙarƙashi, ba laifi in a kan fentin ƙasa ne. A kan tsatsa kuwa, rufe wuta ne da kara.

Wane lokaci ya fi? Ni a ganina daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Na san lokacin hannun manomi a cike ya ke, wanda bai samu ba ya zaɓi ranar da iska ta kwanta cikin rani. A yi da hantsi, a ƙarƙashin rumfa mai shan iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Kada a shafa fenti a kan ƙarfen da rana ta gasa har ba ya taɓuwa. In an gama a ba shi mako guda ya yi tauri kafin a ɗora masa buhu. Wannan mako shi ya fi yi wa mai mota wuya. Tsohon namu sai da ɗansa ya ɓoye makulli.

Kuɗin kayan duka, in aka cire ladan mai walda da sabuwar roba, bai kai na buhun taki biyu ba a lokacin da muka yi. Aikin hannu ne ya fi yawa, mutum biyu sun yi kwana huɗu.

Duk abin da na faɗa ya hau kan bodin a-kori-kura, da amalanken shanu, da baro, da ƙafafun injin ban ruwa da ke kwana a bakin Magaga da Guzuguzu. Garmar shanu ce ta bambanta. Bakinta ba a yi masa fenti, ƙasa za ta cinye shi ran farko. In an gama huɗa a wanke ta, a busar, a shafe bakin da giris ko baƙin mai, a jingine ta a inuwa a kan dutse, ba a kan ƙasa ba. Amma baƙin mai kada ya kusanci inda a ke ɗora abin da za a ci.

A but ɗin dattijon ba mu mai da tsohuwar shimfiɗar roba ba, don ita ce ta ɓoye ɓarnar shekara da shekaru. Kafinta ya yi masa wani ɗan dandamali na katako mai tazara, wanda iska ke bi ta ƙarƙashinsa, a kan kuma ɗaga shi da hannu ɗaya. In za a ɗauko taki sai a shimfiɗa tamfol, bakinsa ya hau gefe-gefe, in an sauke a fito da shi waje a kakkaɓe, a share but a ranar, ba gobe ba. Shara an ɗora ta a wuyan wani jikansa ɗan shekara goma, ladansa kuwa zama a gaba ran kasuwa.

Na koma can a ƙarshen Satumba, bayan motar ta yi jigilar takin damina guda. Muka ɗaga katako, na bi kusurwoyi da yatsa. Wuri ɗaya na samu, kusa da inda jak ke gogar ƙarfe, fenti ya ɗan kwaile, ja ya fara fitowa kamar girman farce. Jikan ya kawo sanfefa da ragowar fenti, muka gama da shi kafin a kira azahar.